Alhaji, Gama Dariyar Tukuna

Duk wanda ya taɓa zuwa Gwanzu sarin kaya, ko ɗan Kantin Kwari ne ko mai waya a Farm Centre, in ya gama kukan tsadar dala labari ɗaya yake bayarwa. Wai da sassafe sai ka ga tsofaffin Sinawa, maza da mata, sun cika lambun gari, sun jeru sahu-sahu, suna tura iska suna jawo ta, ba mai dukan wani, ba mai gudu, ba mai ko gumi. Labarin yakan hau mota a Rijiyar Zaki, ya wuce Janguza da Rimin Gado, kafin ya sauka a majalisun Kabo da Gwarzo ya riga ya zama abin dariya, har da mai miƙewa ya kwaikwaya. Sunan abin taici. Shi na zo karewa yau, a gaban mutanen da na san sun yanke hukunci tun ba a karanta ƙara ba.

Ku zan fara sallama, samarin bakin tasha, tunda bakinku ya fi na kowa kaifi. Tambayarku guda ce: in aka saka mai wannan abu a fili da ɗan dambe, wa zai kashe wani? Ku adana yawunku, wannan turmin na ba ku kyauta. A watan Afrilun 2017, a birnin Chengdu, wani Wei Lei da ke kiran kansa gwanin taici ya amsa gayyar Xu Xiaodong, ɗan damben zamani mai haɗa naushi da kokawa. Ba a yi rabin minti ba Wei Lei yana ƙasa ya rungume kai. A 2020 kuma wani dattijo, Ma Baoguo, da ya daɗe yana cika baki a intanet, ya shiga fili da wanda ba ma sana'arsa ba ce, aka kai shi ƙasa sau uku cikin daƙiƙa 30. Sinawa da kansu sun fi ku yi masa dariya. Don haka in kun ga bidiyon tsohon da ya ɗora yatsa a kan mutum ɗaya almajirai goma suka zube, ku ce ƙarya ce, ni ma zan sa hannu. Da a gaban Shago aka kai irin waɗannan a zamaninsa, kafin Ɗan Anace ya gama gyaran murya an tashi daga wasan.

Sai dai kafin ku tafa, a ɗan leƙa gida. Mai dariyar ƙarfin ɓoyen Basine, shi ne damtsensa ke ɗaure da kambu, ƙugunsa da guru, ya sha maganin ƙarfe tun yana goye, kuma a shirye yake ya rantse cewa akwai mai layar zana a ƙauyen kakarsa. Laifi tudu ne. Su ma can sun yi nasu 'yan taurin: a 1900 dubban samarin arewacin Sin suka tasar wa Turawa, sun sakankance cewa atisayensu da surkullensu sun sa harsashi ba ya huda su. Shi harsashin ba wanda ya kai masa labari.

To in abin ba ya kisa a dambe, me ya rage? Abin da ya rage shi ne wanda fim ɗin Canis bai taɓa nuna muku ba, tun daga zamanin Plaza da Orion har zuwa gidajen kallo na unguwa. Ku Bruce Lee da Jet Li kuka sani, tsalle da ihu da fasa bulo. Sinawa kuwa gida biyu suke raba wasannin jikinsu, na waje da na ciki, kuma rabon ba na jiya ba ne, yana cikin wani rubutu da malami Huang Zongxi ya yi a 1669. Na waje da tsoka da sauri yake farawa. Na ciki da tsayuwa yake farawa, da numfashi, da sakin jiki. Masu son ƙawata zance suna cewa wani mai zuhudu, Zhang Sanfeng, shi ya ƙirƙiri taici a duwatsun Wudang bayan ya kalli faɗan tsuntsu da maciji. Masana tarihi ba su saya ba. Sawun da suka bi ya kai su wani ƙauyen manoma ne a lardin Henan, Chenjiagou, wurin wani tsohon soja, Chen Wangting, a ƙarni na 17. Ƙauye fa, mutanen Getso da Garo ku ji da kyau, kada wani ɗan birni ya raina muku hankali. Daga nan Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, ya koya ya kai shi Beijin. A 1956 gwamnatin Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don kowa ya iya, a 2020 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa ya girme shi da kusan shekara dubu biyu. Falsafar Tao ke nan, wadda ake jingina wa Laozi, mai ɗan littafi na babi 81 da za ka iya karancewa tsakanin Azahar da La'asar. Ginshiƙinta abin da suke kira wu wei, wato ka yi aiki ba tare da ka yi kokawa da shi ba. Malalatan majalisa, ku daina murmushi, ba ku ake nufi ba. Wanda ya wuni a kan benci yana sharhin siyasar Abuja bai yi wu wei ba, zaman banza ya yi, kuma sunansa bai canza ba.

Wanda ya fi fito da ma'anar shi ne Zhuangzi, da ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma bai ɗauko misalinsa daga fada ko makaranta ba, daga mahauta ya ɗauko. A littafinsa akwai labarin wani mahauci, Ding, da wuƙarsa ta shekara 19 tana aiki, ta feɗe dubban shanu, bakinta bai dakushe ba. Sauran mahauta sara suke yi suna sauya wuƙa. Shi ba ya faɗa da ƙashi, 'yar kafar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa yake bi, in kuma ya iso wuri mai sarƙaƙiya sai ya rage sauri ya tattara hankalinsa wuri ɗaya.

Yanzu ku gaya mini tsakani da Allah, wane ne a cikinku bai taɓa ganin wannan ba? A duba gidajenmu ranar layya da washegarinta. Ɗan boko ya tuɓe riga, ya karɓi adda, ya ce bana ba za a biya mahauci ba. Kafin La'asar ya ɓare bakin addar, ya huda fata wuri uku, ya fasa tumbi, ya cika naman da ɓarɓashin ƙashi, kafaɗarsa ta riƙe har sai an nemo man zafi. Maƙwabci kuwa ya kira Barunje, wani siririn dattijo da 'yar wuƙar da washi ya cinye rabinta. Yana hira, yana tambayar lafiyar yara, ya gama rago biyu, gaɓoɓi na rabuwa da kansu, ko haki bai yi ba. In ƙarfi ake aunawa, ɗan bokon ya ninka shi. Ku je ku tambayi Sarkin Fawan Gwarzo ko na Kabo ko ya taɓa jin sunan Zhuangzi. Da wuya, kuma ba ya bukata, hannunsa ya riga ya haddace babin.

Kuma su wa suka gaji dambe a ƙasar Hausa in ba rundawa ba? Ku da ba kwa fashin zuwa gidan damben Ado Bayero Square, ku rage ihu wata rana ku kalli tsofaffin hannu. Sabon shiga ne ke faɗowa fili jijiyar wuya a tashe, haƙora a cije, yana wurgi da hannu ta ko'ina, turmi ɗaya numfashinsa ya ƙare. Gwani buɗe ƙafa yake yi, ya sauke ƙugu, ya miƙa garkuwa, ya yi ta kewaye har 'yan kallo su fara tsaki. Kafaɗarsa a sake take. In ya saki hannu, daga dunduniya naushin ya taso, ya bi cinya, ƙugu ya murɗa shi, hannu isar da saƙo kawai ya yi. Wannan shi ne karatun farko da malamin taici ke biya wa almajirinsa, kusan kalma da kalma. Dalilin a jiki yake: kowace gaɓa tana da tsokar da ke miƙe ta da wadda ke lanƙwasa ta, in ka ƙame duka biyun suke ɗaurewa, rabin ƙarfinka ya tafi wajen faɗa da kanka.

Shi ya sa ake yin abin a hankali, wanda shi ne ya fi ba ku dariya. Sauri yana ɓoye aibi. Mai gudu in ya karkace, saurin zai wuce da shi bai ma sani ba. Amma ka ce wa mutum ya ɗauki taku ɗaya cikin daƙiƙa goma, nan take za ka ga inda gwiwarsa ke rawa, inda ya riƙe numfashi, inda kafaɗa ta haye kunne. Masu taici kuma suna da wani atisaye na mutum biyu, a haɗa hannu ana turawa ana karɓa, kowa na sauraron nauyin ɗan'uwansa ta fata, yana jiran ya zarce ya ja shi. 'Yan kokawa sun san wannan sarai. Maganar tsayuwa kuwa, malamansu kan shekara suna fama da almajiri ya daidaita kai, ya saki wuya, ya bar ƙashin baya ya ɗauki nauyi. 'Yar tallar fura da ke ratsa kasuwa da ƙwarya a ka, hannu biyu a sake, tana ma waige tana ba da canji, ta gama wannan karatun tun ba ta kai shekara goma ba. Bambancin, su sun zauna sun rubuta, sun mayar da shi darasi, sun ajiye wa tsufa. Mu kuwa ranar da aka sauke ƙwaryar, ranar aka sauke tsayuwar.

Allah gafarta Malam, na ga tun ɗazu carbi ke gudu a hannunka, na kuma san abin da ke tafe: wannan ai addinin wasu ne. Kana da rabin gaskiya. Tao na da ɓangaren addini tun ƙarni na 2 miladiyya, da gidajen bauta da gumaka da masu yi musu hidima. Wannan nasu ne, ba su gayyace mu ba, mu ma ba mu nema ba. Ba kuma zan jawo maka zancen neman ilmi ko da a Sin ba, don kafin in rufe baki za ka ce masana hadisi ba su inganta shi ba, kuma ka fi ni gaskiya. Hujjata mutane ce. Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui sun haura miliyan 10. A birnin Quanzhou akwai masallacin da aka gina a 1009, lokacin Bagauda ke sarautar Kano, sama da shekara 300 kafin Wangarawa su iso wa Sarki Yaji. Waɗannan bayin Allah ba su ga saɓani tsakanin salla biyar da horar da jiki ba. Wani reshe na wasan ciki, xinyi, a hannun gidajen Musulmin Henan aka riƙe shi tsawon zamani, daga Ma Xueli na Luoyang. Wang Ziping, wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1973, Musulmi ne ɗan Cangzhou, yana cikin mashahuran gwanayen ƙasar baki ɗaya, kuma maɗori ne, ya san karyawa ya san ɗorawa.

Sannan Malam, ai kai ka biya mana a Ahalari cewa natsuwa da daidaituwa farillai ne a salla. Ban haɗa ibada da motsa jiki ba, Allah ya tsare ni. Cewa na yi, mutumin da aka hora tun yana yaro ya bar kowace gaɓa ta koma mazauninta kafin ya sake motsi, bai kamata ya zama na farkon yi wa a-hankali dariya ba. Sai fa in yana cikin masu idar da raka'a huɗu kafin ladan ya kashe lasifika.

Su ma mabiya Tao ba duka suka fara da hankali ba. Sun shafe ƙarnoni suna dafa zaiba da dalma suna neman ƙwayar da za ta hana mutuwa. Sarakuna da dama na daular Tang, har da Wuzong da ya mutu a 846, wannan ƙwayar ce ta yi ajalinsu. A garin wannan dafe-dafen ne ma aka yi tuntuɓe da albarushi, an fita neman maganin mutuwa an dawo da abin kashe mutane. Da wuya ta yi wuya sai masu hankalinsu suka ce a bar tukunya a koma jiki, a gyara numfashi da tsayuwa da barci. Alhali hanyar mai araha tana nan tun da: a 1973 an tono wani kabari a Mawangdui da aka rufe shekara 168 kafin miladiyya, aka samu zanen mutum 44 a kan siliki, maza da mata, kowa na miƙa jiki irin nasa. Kada wanda ya yi wa sarakunan Tang dariya in ya san ranar kasuwar Getso yana tsayawa gaban motar lasifika, ya sayi kwalba ɗaya mai maganin basir da shawara da sanyi da wanda ba a faɗa a gaban yara.

Saura zancen chi, ƙarfin da suke cewa yana zagaya jiki. Ba na'urar da ta taɓa auna shi, kuma ba zan sayar muku da abin da ba ya hawa sikeli ba. Abin da ake iya aunawa ya ishe mu. In ka ja numfashi ya sauka ciki maimakon ya tsaya a ƙirji, ka kuma fitar da shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, bugun zuciya na raguwa, kowane likita zai gaya maka. Wurin da suke cewa a ajiye hankali, kimanin yatsa uku ƙasa da cibiya, kusa yake da inda nauyin jikin mutum ke haɗuwa in yana tsaye. Wanda ya mayar da hankalinsa can ya fi wanda hankalinsa ke kan bashin taki tsayuwa daram.

Yanzu na zo kanka, Alhaji, don duk wannan kewaye-kewayen kai nake nufi. Ka fi kowa dariya, kuma kai ne likita ya auna ya ce jininka ya hau, suga ma ya fara leƙowa, ka rinƙa motsa jiki. Ka ce to. Da ka fito ka yi lissafi: a ce kai, mai surukai da jikoki, ka sa gajeren wando ka kama gudu a titin Gwarzo? Kafin ka kai gidan mai an kai labari gida cewa ko ka taɓu ko masu bashi ne suka biyo ka. Ƙwallo ta yara ce, ɗaga ƙarfe na 'yan daba ne a ganinka. Sai ka koma daga mota zuwa kujera, daga kujera zuwa dakali. Manomi ma da yake taƙama da aikin damina, in ba yana noman rani a bakin Guzu-Guzu ba, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa a zaune yake cinye ta. Ban ga laifinka a kan kare girma ba. Laifinka shi ne ga motsa jikin da ake yi da jallabiya, har da hula in ka so, a tsakar gida bayan Asuba, ba tsalle ba haki, ba ko kwabo, shi ne ka zaɓa ka yi wa dariya.

Ga abin da ba na dariya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya a cikin mace-macen tsautsayi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ta fi ɗauka. Ba sai an kawo mana lissafi ba ma. Kowace unguwa tana da dattijon da yake garau, santsin banɗaki ko dokin ƙofa ya kayar da shi, ƙugu ya karye, aka yi ta kai-komo tsakanin maɗori da Asibitin Ƙashi na Dala, daga nan bai ƙara zuwa masallaci da ƙafarsa ba. Tsufa na rage ƙarfin cinya, yana kuma dusashe jin da tafin ƙafa ke aika wa ƙwaƙwalwa. Taici kuwa kusan dukkansa juya nauyi ne daga ƙafa zuwa ƙafa a hankali, wato daidai abin da ke lalacewa shi ake gyarawa. A jihar Oregon ta Amurka an gwada a kan dattawa 670, aka fitar da sakamako a 2018: cikin wata shida, masu yin taici sau biyu a mako faɗuwarsu ta yi ƙasa da ta masu miƙe jijiyoyi kawai da kashi 58 cikin ɗari. Da kwalba aka zuba wannan, da tuni ka aika yaro da kuɗi.

Hajiya, na ji ki kina cewa ke dai aikin gida ya ishe ki. Wane aikin? Daka ya koma inji, ɗiban ruwa ya koma hannun 'yan garuwa, shara kuma jikoki. Ke ce ma abin ya fi dacewa da ke, tunda ba sai kin fita ba, ba sai kin cire mayafi ba.

Ba sai an jira malami daga Henan ba kafin a fara. Gobe bayan Asuba, a tsaya kusa da bango yadda hannu zai kai. A buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a ɗan saki gwiwa, a sauke kafaɗun nan da suka shekara a ɗage. A yi numfashi goma masu sauka ciki. Sannan a kwashe nauyi a hankali a ɗora wa ƙafar dama, a ɗaga ta hagu kaɗan, a ƙirga goma, a ajiye dunduniya tukuna kafin yatsu, a juya. Minti biyar ya isa a makon farko. Mai jiri ya riƙe bango, mai hawan jini kada ya ce na ce ya ajiye maganinsa, ban faɗa ba.

Mutanen Kabo za su ce sai sun ga 'yan Gwarzo sun fara, 'yan Gwarzo su ce ai Kabo ta fi kusa da birni, ita ya kamata ta ɗauko sabon abu. Ku sasanta tsakaninku. Mai son mayar mini da martani kuma ƙofa a buɗe take, sharaɗi ɗaya ne: ya fara sa wando a tsaye, bai dafa bango ba, bai zauna a bakin gado ba, a gaban shaidu biyu da ba 'ya'yansa ba.